Ba Tawa Ba Ce, Ta Kakarta Ce

Ranar sunan ɗan Sani ina kwance a ɗaki, ina jin ku a tsakar gida kuna ta shewa. Babbarku ce take ba matan ƙannenta labarin yadda na yi musun haihuwarta a Ingila, har Turawa suka zo za su ɗauke ta. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi daga inda nake. Amma da na ji autarku ta ƙara gishiri, wai ai tserewa na yi na bar yarinya a makaranta don tsoron 'yan sanda, sai na ce a raina gara in rubuta abin nan da hannuna tun ina da sauran ido. Ban tsere ba, kuma babu ɗan sandan da ya taka gidanmu. Magana ɗaya na faɗa a bakin ƙofar makaranta, irin wadda duk macen da ta tashi tsakanin Maradun da Bakura a zamaninmu za ta faɗa ba tare da ta yi tunani ba, ita ce ta kusa raba ni da 'yata.

Ku da kuka tashi a Talata Mafara kuna ganin uwaye suna kiran 'ya'yansu na fari gatsal, har su ɗora su a cinya a gaban baƙi, ba za ku gane irin gidan da na fito ba sai na faɗa muku. A gidanmu na Tsibiri, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Inna, mahaifiyata, har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba, sai dai ta ce “wancan”. Wannan ita ce kunya, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. To ni tawa ta zo biyu. Babbarku ita ce ta fari, sannan ranar suna aka sa mata sunan Goggo, mahaifiyar babanku, wadda ke zaune a Dakko. Ga kunyar 'yar fari, ga kunyar sunan suruka. Shi ma babanku bakinsa ba ya iya ɗaukar sunan uwarsa, sai yake ce wa yarinyar “Uwata”. Ita kuma da ta fara magana ta ji ƙannena suna ce mini Adda, wato yaya, sai ta ɗauka, ba wanda ya gyara mata. Daga bakinta kuka gada, shi ya sa har yau dukanku Adda kuke ce mini.

Babbarku tana da shekara biyar, ƙaninta Sani yana da biyu, aka tura babanku ƙarin karatu kan noman rani a wani gari can arewacin Ingila, aka ce ya tafi da iyalinsa. Muka je Dakko sallama. Goggo ta riga ta gama shirinta, har ta ware wa yarinyar tabarma a ɗakinta.

“Ku tahi da ƙaramin, ku bar min takwarata,” in ji ta. “Mi za ta yi garin da ba a ganin rana?”

Babanku ya sunkuyar da kai, ya ce, “Goggo, shekara biyu ta kawai. Kuma akwai makaranta can.”

“Nan ba mu da allo?”

Ni ina gefe ban ce uffan ba, don uwa ba ta buɗe baki ta roƙi a bar mata 'yar fari. Amma kayan yarinyar su na fara sawa a ƙasan akwatina tun mako biyu kafin nan, kuma na riga na ce wa babanku Sani ba ya yarda ya ci abinci in babu wadda ya saba gani kusa da shi. Ƙarya ce, Sani ko a kasuwa aka ajiye shi zai ci. Babanku ya gane abin da nake nufi, shi ne ya tsaya kai da fata. Da Goggo ta ga ba zai janye ba, ta juyo wurina.

“To, Balki, ki ji. Tawa ta. Aro na ba ki.”

Na ce, “Na ji, Goggo.”

Mutane suna jin an ce Turai sai su ɗauka hutu aka tafi. Ni dai ban taɓa yin tafiyar ƙasa irin ta wannan shekarar ba. Gidan da aka ba mu a sama yake, matakala goma sha huɗu, kuma sau shida ko takwas nake hawa da sauka a yini. Babanku yana gama karin kumallo zai hau kekensa ya tafi jami'a, sai yamma. Duk abin da ya rage nawa ne. In dama kunun hatsin Turawa, wanda ban taɓa yarda cewa kunu ba ne, in yi wa yara wanka, in shiga yaƙin sa kaya. A gida riga ɗaya ka jefa wa yaro ya fita. Can kuwa sai safa, sai riga a kan riga, sai rigar sanyi, sai hula, sai safar hannu, kana gama ɗaure na ƙarshe yaron ya ce zai yi fitsari. Da farko goya Sani nake yi da zani, in ɗora babbar rigar sanyin babanku a kanmu mu biyu, mutane suna ta waiwaye a hanya suna zaton ƙusumbi gare ni, sai sun ga hula tana motsi. Daga baya wata tsohuwa da ke ƙasanmu ta ba ni keken tura yara na jikanta. Allah ya saka mata, ko da yake ita ce kuma ta hau sama wata rana tana toshe hanci, tana tambaya ko wani abu ya mutu a gidanmu, alhali daddawa ce na sa a miya.

Kowace rana da aikinta. Litinin in ɗauki ƙullin wanki a ƙarƙashin keken Sani mu tafi shagon injinan wanki, in zauna ina kallon zannuwana suna juyawa. Talata asibitin unguwa, awon yara ko allura. Laraba in hau bas zuwa shagon wasu 'yan Pakistan, inda ake samun naman yanka da garin shinkafa da kuɓewa ɗanya, mai shagon yana ce mini 'yar'uwa, yana ƙara wa Sani dabino. Lambar bas ɗin na haddace, wurin sauka kuma da wani shago mai jar rumfa nake gane shi, ranar da suka sake fenti sai da na wuce har ƙarshen layi. Juma'a gidan waya, in aika kaset ɗin da muka ɗauki muryoyinmu zuwa Dakko da Tsibiri, don su Goggo ba karatu suke yi ba. Turancina na firamare ne, ya ishe ni in ce nawa, na gode, yi haƙuri. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne lokacin sanyi, da azahar da la'asar da magariba suke zuwa a manne da juna, ga shi ƙarfe uku dole ina bakin ƙofar makaranta. Sau da yawa da alwalata nake fita, in dawo da gudu in tarar rana har ta faɗi. Na gaji, na yi kewar gida har na yi kuka a kan tukunya, amma ba na ƙin aikin. Akwai wani daɗi da na samu a ciki wanda ban gaya wa kowa ba: karo na farko ke nan da yarinyar nan take hannuna ni kaɗai, babu kaka, babu goggo, babu mai cewa kawo ta nan.

Sai dai ko a can ban ajiye kunyata ba. Ƙarfe uku in an buɗe ƙofar makaranta, matan Turawa sai su durƙusa su buɗe hannu, suna kiran sunayen 'ya'yansu, suna sumbatar su kamar an shekara ba a haɗu ba, yaran da aka rabu da su da safe. Ni kuwa ina tsaye jikin wani ƙarfen fitila. In babbarku ta fito ta gan ni, sai in juya keke in kama hanya, ta biyo ni a baya. Wanda ya gan mu zai ce ban damu da ita ba. Bai san na zaɓi gefen titin da shaguna suke ba ne don in riƙa ganin ta a gilashinsu, tun daga makaranta har gida. Ina ganin in igiyar takalminta ta kwance, ina ganin in ta cire hula. In mun zo tsallaka titi sai in ce wa Sani, wanda ko magana bai iya sosai ba, “Ce ma 'yar'uwarka ta riƙa keke.” Ita kuma ta riƙe. Haka muka yi wata huɗu, ni a ganina komai lafiya.

Ashe malamar ajinsu, wata doguwar mata mai jan gashi, tana lura da mu. Wata rana ta sa yara kowa ya zana mutanen gidansu. Babbarku ta zana mu, malama ta nuna ni a zanen ta ce wace ce wannan, yarinya ta ce Adda. Ta ce mene ne Adda, yarinya ta faɗa mata gaskiya da Turancin da ta fara kamawa, ta ce babbar yaya. Ta ce ina mamarki, yarinya ta yi shiru, don ba ta taɓa kiran kowa da wannan sunan ba. Ranar da aka tashi sai ga malama ta fito riƙe da hannunta da takardar zanen, ta nufo ni har jikin ƙarfen fitila. Ta gaishe ni da fara'a, ta yi magana a hankali don in gane. Ta ce, wannan yarinya 'yarki ce?

Ga mata tsaye ko'ina, ga yarinyar tana kallona. Wallahi bakina ne ya amsa kafin kaina. Na haɗa guntun Turancina na ce mata, “Ba tawa ba ce. Ta kakarta ce.”

Har murmushi na yi, ina jin na nuna wa Baturiya tarbiyya. Ta ce to yaya sunanta. Na dubi ƙasa na ce babanta ya sani. Ta saki hannun yarinyar, ta ce sai gobe. Na tura kekena na tafi gida ban ɗauki abin a bakin komai ba, ko babanku ban gaya wa ba.

Bayan mako guda wasiƙa ta zo. Babanku ya buɗe ta a tsaye, da ya kai tsakiya ya nemi kujera ya zauna.

“Balki, mi kic ce ma malamar makaranta?”

Na faɗa masa. Ya dafe kai.

“Inna lillahi. Kin san mi sunka ɗauka? Sun ɗauka ɗiyar wasu munka ɗauko munka kawo ƙasarsu. Ranar Alhamis ma'aikaciyar kula da yara za ta zo gidan ga. In ba ta gamsu ba, suna da ikon su kai ta hannun wasu mutane har su ƙare bincike.”

Na ce ai da sauƙi, a nuna musu takarda. Nan ma aka sami matsala. A Tsibiri na haife ta, a ɗakin Inna, ba a asibiti ba. Sai da za a yi fasfo aka je Maradun aka yi mata takardar haihuwa, wanda ya rubuta kuma ya sa sunan uwa Balki Tsibiri, yadda ya san ni. Fasfona kuwa Bilkisu ne da sunan babanku a gaba. A wurinmu mace ɗaya ce, a takarda mata biyu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan makon ba. Ina tunanin yarinyar a gidan da ba a salla, ana ba ta abin da ban sani ba, tana kuka da Hausa ba mai ji. Ina tunanin ta ina zan fara gaya wa Goggo cewa abin da ta ba ni aro Turawa sun karɓe, kuma da bakina na ba su. Duk da haka aiki bai tsaya ba. Na kai wanki, na kai Sani awo, na hau bas na sayo nama, sai dai ban san abin da nake sayowa ba, ranar Laraba har na baro kuɓewar a kan kanta.

Babanku ya ce mafita ɗaya ce, in sun tambaye ni in faɗi sunanta, in ce ni na haife ta.

“Ki hwaɗa kawai,” ya ce. “Nan ba Dakko ba ta, ba mai jin ki.”

Na ce, “To kai hwaɗa in ji.”

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce shi ai yana rubutawa a takarda. Da ba a cikin tashin hankali muke ba da na yi masa dariya. Ni kaina na gwada. A shagon wanki, lokacin da injina suke ƙara ba mai jin kowa, na ce bari in faɗa ko sau ɗaya. Harafin farko ya zo bakina ya tsaya. Ji na yi kamar an ce in cire ɗankwali a tsakiyar kasuwar Mafara. Kada ku ce wauta ce. Abin da aka raine ka a kai tun kana ƙarami ba ya fita don an aiko da wasiƙa.

Alhamis da hantsi suka zo su biyu. Ma'aikaciyar gajeriya ce mai tabarau, ta cire takalminta a bakin ƙofa ba wanda ya ce ta cire, abin ya ɗan kwantar mini da rai. Tare da ita akwai mai fassara, Hajiya Memuna, Bahaushiyar Kumasi da ke aikin jinya a garin. Hausarta daban, tawa daban, da farko sai da muka riƙa maimaita wa juna magana, amma mun fahimci juna. Babanku ya baje takardu a tebur, ya shiga zuba Turanci, yana bayanin al'ada tun daga tushe kamar yana gaban ɗalibai. Matar ta saurare shi har ya gama, ta ce ta gode, amma ba wurinsa ta zo ba. Ta juya wurin yarinyar, wadda ke zaune a ƙasa da 'yar tsanarta. Ta nuna babanku ta ce wane ne wannan, yarinya ta ce Baba. Ta ce me yake kiran ki, ta ce Uwata. Hajiya Memuna ta fassara tana danne dariya, matar kuwa ba ta yi dariya ba, rubutu ta yi. Ta nuna ni, yarinya ta ce Adda. Ta sake rubutawa.

Hajiya Memuna ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

“'Yar'uwa, ni na gane, kakannina ma haka suke yi. Amma mutanen nan ba su san wannan kunya ba. Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, shi suke rubutawa. Ki taimaki kanki.”

Sai matar ta ce in ba ta labarin yarinyar, duk abin da na sani. Na kafa idona a bango na fara, Hajiya Memuna tana juyawa. Na ce ranar Talata aka haife ta, da damina, maza duk sun tafi kasuwa. Na ce akwai tabo a gwiwarta ta hagu, faɗuwa ta yi a kan dutsen niƙa tana koyon tafiya. Na ce ba ta cin gefen burodi, sai ta ɓoye shi a aljihu, kullum ni ke zazzagewa. Takalminta na hagu ke fara cinyewa. In ta sa rigar ulu a kan fata sai ta yi ƙaiƙayi, shi ya sa nake sa mata ta auduga a ciki. Tana tsoron karen gidan nan mai koren ƙofa, ba ta taɓa faɗa ba, amma na ga yadda take rage tafiya, shi ya sa muke tsallaka titi tun kafin mu kai wurin. In za ta yi ƙarya sai ta taɓa kunnenta. Ina ta zuba, ban san na tara abubuwa haka ba. Can na lura alƙalamin matar ya tsaya.

Ta ce, ta bakin Hajiya Memuna, “Na ji duk wannan, kuma wanda bai damu da yaro ba ba zai san shi ba. Amma tun da na shigo ba ki dube ta ba, ba ki kira sunanta ba, kuma a makaranta kin ce ba taki ba ce. Dole in rubuta abin da kika faɗa da bakinki. Zan sake tambayar ki sau ɗaya. 'Yar wace ce, kuma yaya sunanta?”

Sani yana ta buga cokali a ƙafar tebur. A zuciyata na ga fuskar Inna, na ga ta Goggo, na san abin da za su ce. Sannan na dubi jakar matar da ke jingine da kujera, na ce a raina in ta rufe littafin nan ta sa a jakar nan ba tare da na yi magana ba, shi ke nan, na zaɓi a ce ina da kunya na bar 'yata. Na juya na kalli yarinyar sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi a gaban baƙo ba.

Na ce, “Hauwa'u. Sunanta Hauwa'u. Ɗiyata ta, ni na haihe ta.”

Sai na sake cewa, “Hauwa'u, taho nan.”

Ba ta taso ba. Ta dubi babanta, ta dube ni, 'yar tsanar tana hannunta. Sannan ta ce,

“Adda, ashe kin san sunana?”

Hajiya Memuna ba ta fassara ba, gefen mayafinta ta kai ido. Sai da matar ta tambaye ta sau biyu me yarinyar ta ce, sannan ta faɗa mata. Matar ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Babanku ya tashi ya tsaya jikin taga ya ba mu baya. Ita kuwa Hauwa'u ta taso a hankali, ta ture Sani da ya riga ta zuwa, ta hau cinyata ta zauna daram, kamar dama wurin take jira a ce nata ne. Na riƙe ta. Maganar nan tata ta fi wasiƙar yi mini ciwo. Ina can ina jin haushin Baturiya ba ta fahimce ni ba, ashe wadda nake kallo a gilashin shaguna kullum ita ma ba ta fahimta ba.

Daga nan komai ya yi sauƙi. Hajiya Memuna ta yi wa matar bayanin sauran, har da yadda Balki da Bilkisu suke mutum ɗaya. Matar ta sha shayin da na kawo, ta ce za ta rubuta abin da ta gani, za ta kuma yi wa makaranta bayani da kanta. Da na raka su ƙasa na rufe ƙofa, sai na zauna a matakalar farko ina ta alhamdu lillahi, ban san sau nawa na faɗa ba. Ranar na zuba sauran daddawar da nake ta tattali a miya gaba ɗaya, tsohuwar ƙasa ta yi ta toshe hancinta. Bayan kwanaki wata wasiƙar ta zo cewa an rufe magana. Na ci gaba da zirga-zirgata, wanki, awo, bas, gidan waya, amma da wani irin sauƙi a ƙirji wanda ban san na rasa shi ba. Ƙarfe uku kuma in Hauwa'u ta fito daga makaranta sai in miƙa mata hannu. Sumbata a titi dai ban iya ba, har yau, kada ku sa rai.

Abin bai tafi a banza ba, ya ci mini wani abu. Da muka dawo gida na je Tsibiri na ba Inna labari da kaina, ina zaton za ta ce na kyauta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce,

“Da kin yi haƙuri, Allah na hidda ku ba sai kin zubda kunyarki gaban kahirai ba. Turai ta canye ki, Balki.”

Damina guda ba ta yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta aiko ƙanwata. Daga baya mun shirya, amma har ta rasu ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, kuma wannan yana nan a raina. Ban ga laifinta ba. Ita ba ta zauna a ɗakin nan ta ga jakar matar ba.

Saboda haka da za mu je Dakko na ja wa kaina kunne, na ce bakina ya koma yadda yake. Babanku ya riga ya gaya wa Goggo abin da ya faru, ba ta ce masa komai ba, wannan shirun kuwa ya fi ba ni tsoro. Kwana biyu ina kiyayewa. A rana ta uku da hantsi, mata suna daka a tsakar gida, ina tankaɗe, sai na hango yarinyar ta bi wata akuya da gudu ta nufi bakin rijiya, rijiyar kuwa ba murfi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Hauwa'u!”

Taɓare suka tsaya. Kowa ya juyo yana kallona. Sai muka ji daga cikin ɗaki an ce, “Na'am.”

Goggo ce. Ta fito tana dafa bango. Na durƙusa a inda nake, rariya a hannuna, na rasa inda zan sa fuskata. Wata ƙanwar babanku ta riƙe haɓa ta ce, “Subhanallahi! Sunan Goggo a bakin suruka, tsakar gida?”

Goggo ta ɗaga mata hannu.

“Ku bar ta. Da ba ta kira shi can ba, da yau ni kaɗai ka amsa shi gidan ga.”

Ta hango yarinyar, wadda ta tsaya nesa kaɗan da rijiya tana ta rigima da akuya, ba ta ma san abin da ake ciki ba. Sannan ta dube ni.

“Tashi, Balki. Sake kira, ba ta ji ki ba.”

Na tashi na sake kira.